Sallamar da Baba ya yi a intanet

Shekarun baya, ba da daɗewa da saukar soja daga mulki ba, ina aiki a wani shagon intanet kusa da layin dogo a Agege. Aikina buga wa mutane takardu da taya su buɗe imel. Iyakar abin da na iya ke nan, amma da kun ga yadda nake taku a unguwarmu sai ku rantse ni na ƙera kwamfutar.

Mahaifina kuwa huluna yake sayarwa. Zanna, damanga, ƙube, duk ɗinkin hannu, daga Arewa ake aiko masa. Shagon ɗan mitsitsi ne, mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya fita, amma ya tsufa a cikinsa. Ba ya kiran sunana, saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini. “Uwata” yake ce mini, ko da faɗa zai yi.

A lokacin ciniki ya mutu. Hulunan inji masu araha sun cika kasuwa, tsofaffin abokan cinikinsa kuma wasu sun koma gida, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Wata rana muna cin tuwo ya ce wa mahaifiyata in aka yi Babbar Sallah abin bai sake ba, zai rufe shagon mu koma ƙauye. Ya faɗa kamar ba komai, amma na san shi. A ƙauyen nan babu sauran sa'anninsa. Rayuwarsa duka tana kan bencin ƙofar shagon, inda yake gaisawa da duk wanda ya gifta, Bahaushe ko Bayarabe, kowa da yarensa. Na ji tsoro ƙwarai. Na san in aka raba shi da bencin nan ba zai yi nisa ba.

Sai na ce zan buɗe masa shafi a intanet, duniya duka ta ga hulunansa. Ya ce, “Duniya duka? Agege ma ba ta gama gani ba.” Amma ya yarda, da sharaɗin shi zai faɗi abin da za a rubuta.

Na ari kyamara na ɗauki hotuna, na sami wurin da ake ba da shafi kyauta. Na zauna a shagonsa da biro na ce, “To Baba, me za mu ce a kan hulunan?”

Ya ce, “Wane irin huluna? Mutum ya shigo wurinka, ba ku gaisa ba, ka tura masa kaya a fuska? Rubuta: Assalamu alaikum. Sannu da zuwa. Ina gajiya? Ya iyali? Ya hanya? Ya aka baro mutanen gida? Allah ya sa ka zo a sa'a.”

Haka ya yi ta jerowa har shafi ya kusa cika. A can ƙasa, ƙasa sosai, ya yarda aka sa “akwai ɗan abin da muke taɓawa,” sai hotuna. Ko sunan hula bai bari an rubuta ba, wai mai ido ai yana gani. Ni kuma gwanar, na sa “Assalamu alaikum” a matsayin kan shafin, na yi masa ado da kore da ruwan gwal, har da wasu taurari masu ƙyalƙyali. Na kalli aikina na ji ba kamata a Legas.

Shiru. Mako ya wuce, wata ya wuce, ba wanda ya leƙo sai ni kaɗai. Kullum na dawo daga aiki Baba zai ɗago kai ya ce, “Uwata, an amsa?” In ce tukuna. Ya ce ba komai.

Ogana, mai shagon intanet ɗin, Bayarabe ne mai haƙuri, yana jin Hausa irin ta zaman Agege. Shi ya gan ni ina ta buɗe shafin ina rufewa, ya ja kujera ya ce in buɗe injin bincike in nemi hula kamar ni baƙuwa ce. Na rubuta. Shafuka suka fito, namu babu. Ya ce to in rubuta sallama. Nan ma dubbai suka fito, mu ko ƙurarmu.

Ya yi dariya ya ce, “Ƙanwata, wanda yake neman hula, hula zai rubuta, abi? Ba zai rubuta ina gajiya ba.” Ya bayyana mini cewa injin nan ba ya ganin hoto, rubutu kawai yake karantawa, kuma ya fi kula da kan shafi da kalmomin farko. A wurinsa shafinmu na gaisuwa ne, ba na huluna ba. Sannan ban taɓa kai masa adireshinmu ba, kuma babu wani shafi a duniya da ya ambace mu, to ta ina zai san muna nan? Na ji kamar in shige ƙarƙashin tebur, ni da taurarina.

Da na kai wa Baba maganar cewa sai an sa huluna a sama, gaisuwa ta sauka, ya ɓata rai. Ya ce shi ba zai yi rashin ɗa'a da tsufansa ba don wani inji, in haka ne a bar abin. Na ce, “Baba, ko shago ai ana sa masa allo a ƙofa.” Ya ce, “Nawa yana da allo?” Gaskiyarsa, ba shi da shi.

Mahaifiyata tana gefe tana tsince shinkafa, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, “Malam, baƙo in ya sauka daga motar danfo yana neman hula, ya yake samunka?”

Ya ce, “Ya tambayi mai shayin bakin titi mana.”

“Shi mai shayin me yake ce masa? Ina gajiya, ya iyali?”

Baba ya ce, “Cewa yake, mai hula na nan, ka miƙe ka sha kwana.”

Ta ce, “To ka bar mai shayi ya yi aikinsa. In baƙon ya iso, ka gaishe shi har ya gaji.”

A kan haka aka tsaya. Kan shafi da layin farko suka zama bakin mai shayi: hulunan Hausa ɗinkin hannu, Agege, Legas, da Hausa da Turanci. Ƙarƙashin kowane hoto na rubuta sunan hular da launinta. Gaisuwar Baba ta biyo nan da nan, ban taɓa ko kalma ɗaya ba. Na cire taurarin, don su ne ma suke hana shafin buɗewa da wuri. Na kai adireshin wurin injinan bincike ɗaya bayan ɗaya, na kuma roƙi masu wani shafi na Hausawa mazauna ƙasashen waje su ambace mu, suka yi. Oga ya ce sauran haƙuri, abin yana ɗaukar makonni.

Makonnin nan sun yi mini tsawo. Azumi ya wuce, Ƙaramar Sallah ta wuce, raguna suka fara cika Agege. Mahaifiyata ta fara ɗaure manyan tukwanenta a buhu, a hankali, don kada Baba ya lura. Wata yamma da na ce masa tukuna, sai ya ce, “Uwata, kada ki wahalar da kanki. In ka yi sallama har sau uku ba a amsa ba, juyawa ake yi.” Na shiga ɗaki na yi kuka.

Ana saura 'yan kwanaki watan Babbar Sallah ya kama, na buɗe imel na ga saƙo daga wanda ban sani ba. Na buga shi a takarda, na hau babur ɗin okada, na same shi a kan bencinsa. Na ce, “Baba, saurara.”

“Wa alaikumus salam, Baba. Yawwa, sannunmu. Ba gajiya. Iyali lafiya lau. Hanya da nisa, amma alhamdu lillahi. Mutanen gida na daɗe ban gan su ba.”

Mutumin nan ya bi gaisuwar ɗaya bayan ɗaya ya amsa, bai tsallake ko guda ba. Baba kuwa duk wadda na karanta sai ya ce “Madalla,” yana gyaɗa kai, kamar mutumin na tsugune a gabansa. Sai can ƙasa mutumin ya ce shi ma'aikacin asibiti ne a wata ƙasa mai sanyi, damanga yake nema ta zuwa Idi, ya rubuta a injin bincike ya ga shafinmu. Da ya ga Legas ya so ya rufe, don lokacin ana tsoron 'yan damfara, amma da ya karanta gaisuwar ya kasa. Ya ce ya yi shekaru ba wanda ya tambaye shi ina gajiya. Yana da ƙane a unguwar Obalende, nan Legas, zai turo shi.

Baba ya sa na sake karantawa. Ya cire hularsa ya shafa kai, ya mayar. Idonsa ya yi ja. Ya ce, “Uwata, an amsa.”

Na ce to mu aika masa da farashi. Ya ce, “Ke dai ba kya jin magana. Tambaye shi tukuna, iyayensa suna raye?”

Ƙanen ya zo ya ɗauki huluna, na wansa da na abokan wansa. Daga baya ya riƙa kawo mutanensa na Obalende, saƙonni kuma suka riƙa ɗigowa jefi-jefi. Ba arziki muka yi ba, kada in yi muku ƙarya. Amma Sallah ta zo ta wuce ba wanda ya tayar da zancen ƙauye, wata safiya kuma na ga tukwanen mahaifiyata sun koma mazauninsu.

Yau wannan ne sana'ata, gyara wa masu ƙananan sana'o'i shafukansu don a same su. Abubuwa sun canja da yawa, amma abin da nake fara gaya musu bai canja ba: ku faɗi abin da kuke sayarwa da inda kuke tun a sama, da kalmomin da mai nema zai rubuta, ku samu waɗanda za su nuna ku. Sannan in mutum ya iso, ya tarar da mutum.

Baba ya ci gaba da zama a bencinsa har ƙarshen rayuwarsa, a Agege aka binne shi. Shafin ya ɓace tuntuni, da masu ba da shi kyauta suka rufe. Amma har yau in na buɗe imel na ga baƙon suna, kafin in karanta sai na ji muryarsa yana tambayata ko an amsa. Nakan ce masa, an amsa, Baba.