Makarar da Muka Ƙera a Rano

Jama'a, abin da zan ba ku labari ni ya faru da ni, ba wani ne ya ba ni ba, kuma wallahi ban ƙara masa gishiri ba, don ko a haka ya ishe ni. A shekarun da aka ƙaddamar da shari'a a Kano ne, lokacin da fastocin 'yan siyasa suka rufe kowace katanga. Ina aiki a sashen gona na ƙaramar hukumar Kibiya, amma a Rano nake zaune, kullum in hau babur in je in dawo. Ni mutum ne dogo, irin wanda sai ya sunkuya yake shiga zaure, shi ya sa ba mai kirana da sunan yanka, kowa Dogo. Ku riƙe wannan, zai yi amfani a gaba.

Maƙwabcina, Malam Habu, malamin makaranta ne, gajere, ga son taɓe-taɓen ƙarfe kamar me. Shi ya jawo ni. Wata masana'anta ta rufe a Kano aka yi gwanjon kayanta, ya je ya kinkimo injuna biyu: ɗaya na waldar agon, wadda ake yi da tukunyar gas, hannu ɗaya riƙe da bakin wuta, ɗaya yana tura siririyar sandar ciko, ɗayan kuma injin filasma, mai yanka ƙarfe da wuta da iska kamar ana yanka sabulu. Ba sana'a muka ɗauke ta ba, sha'awa ce kawai. Duk Asabar da hantsi sai mu tayar da janareta a rumfar bayan gidansa mu yi ta ɓata ƙarfe, matansa suna ta mita wai hayaƙi ya hana su shanya. Mun ƙona yatsu, mun huda faranti ba adadi, kafin hannunmu ya ɗan faɗa.

Ana nan sai makarar masallacin unguwarmu, ta katako, ta tsage. A lokacin kowa neman aikin lada yake, sai Malam Habu ya ce wa liman mu za mu ƙera sabuwa ta alminiyom kyauta, don maƙabartarmu da ɗan nisa, kuma alminiyom ba ya gajiyar da kafaɗa. Liman ya sa albarka. Muka auna tsohuwar makarar, muka ja alli a kan dogayen bututu biyu daidai tsawonta, aka ce ni zan yanka.

Wanda bai taɓa sa gilashin walda ba, bari in faɗa masa: baƙi ne wuluk, kana sauke shi duniya ta ɓace, ba ka ganin komai sai abin da ke dab da wutar. Na ɗora guntun katakon da muke bi wajen yanka a kan layin allin, na sauke gilashi, na kunna. Wuta na tashi sai ga hannu ya shigo cikin hasken, ya kama katakon, ya tura shi gaba kamar taƙi guda, ya danne. Na ɗauka Malam Habu ne ya ga kuskure, don shi ne ogan, na bi na yanke. Na jawo bututu na biyu ban ma ɗaga gilashin sosai ba, hannun ya sake yin haka, na sake bi. Abin da ya fara damuna shi ne hannun ba safa, tartsatsi yana zuba a kansa ko gezau, kuma yatsun dogaye ne sirara, alhali na Malam Habu gajeru ne kamar rogo.

Na kashe inji na ɗaga gilashi. Ba kowa a rumfar, rana tarwai. Can na jiyo muryar Malam Habu a zaure yana ciniki da wata Bafulatana mai nono. Na duba bututun, ga layin allinmu nan a baya, yankan ya wuce shi da taƙi, kuma da na jera su biyun ba wanda ya ɗara wani.

Da ya shigo na ce, "Malam, kai ka matsar min da katako?"

Ya ce, "Ni da nake can ina fama da mai nono? Kai dai idonka ne ya yaudare ka." Ya dubi bututun ya yi dariya. "Bar su haka, gara ta yi tsawo da ta gaza. Ko don irinku, kada a ɗauko ka ƙafafu suna reto."

Na taya shi dariya, amma ta fatar baki ce.

Asabar ta gaba shi ya karɓi walda, don ya fi ni iya agon, ni kuma na tsaya a gefe na riƙe masa firam ɗin makarar, na kau da fuska saboda hasken. Yana cikin yi sai na ji ƙarar ta ɗauke. Ya ɗaga gilashi ya zuba mini ido, tun daga ƙafa har kai. Can ya ce gas ya ƙare. Na kalli agogon tukunyar, allurar ko rabi ba ta sauko ba. Daga ranar bai sake bari na tsaya kusa da aikin ba, shi kaɗai ya ƙarasa ta. Na taɓa ce masa mu rage tsawon nan mu huta, ya ce a'a, ba zai sake ɗora wuta a kanta ba. Gaskiya na ji tsoro, amma tunda bai yi magana ba ni ma na ja bakina.

Makara ta yi kyau, aka yi ta sa mana albarka. Sai dai duk wanda aka ɗora, manya da ƙanana, sai ka ga fili ya rage a wajen ƙafa. Mutane suka saba, ni ban saba ba.

Bayan wasu shekaru ciwon suga ya kwantar da Malam Habu. Na je gaishe shi wata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya sallami iyalinsa, ya ce in matso.

Ya ce, "Dogo, ka tuna ranar da na ce gas ya ƙare? Ƙarya na yi. Na ga hannun da ya matsar maka da katako."

Na ce, "Me ya taɓa a wannan karon?"

Ya ce, "Ba ƙarfen ya taɓa ba. Kai yake aunawa. Ta cikin gilashin nan da ba a ganin komai, na gan shi sarai, yana bin bayanka taƙi bayan taƙi, daga diddige har ƙeya. Da ya gama sai ya dafa ƙarshen bututun, kamar tela ya ga awo ya yi daidai."

Na tambaye shi to me ya hana shi faɗa mini tuntuni, ya ce me zai amfana mini, tunda awo kawai ya gani, bai ga rana ba.

Bai kai wata ba Allah Ya yi masa rasuwa. A makarar muka kai shi, ni na kama ta baya, idona a kan filin nan da ya rage har muka isa. Injunan 'ya'yansa sun sayar, ni kuwa ban sake sauke gilashin walda a fuskata ba. Na tambayi malamai biyu, ɗaya ya ce aljani ne, ɗaya ya ce in yawaita istigfari in daina bincike, na ɗauki ta na biyun.

Ban san hannun wane ne ba, kuma ba na neman sani. Shawarata dai, in kuna aiki da wuta ku fara da bisimilla, kuma in kun ga an matsar muku da awo, ku kashe inji ku ɗaga gilashi kafin ku yanka. Makarar tana nan a jingine a bayan masallacinmu, ko lanƙwasa ba ta yi ba. Kullum ta gabanta nake wucewa in zan shiga sallah, kuma har yau ba a ɗora wanda ya cika ta ba.