Ranar da Inna ta tsayar da alƙalami

Shekara tara ke nan da muka binne mahaifiyata, Inna Habi, mai sayar da dambu a bakin iyakar Jibiya. Allah Ya jiƙan ta. Ba ta yi boko ba, ko sunanta ba ta iya rubutawa. Amma akwai wata rana guda a rayuwarta da har yau ban manta da ita ba.

Ina aji uku na sakandare a lokacin. Ranar kasuwa ce, aka tsinci wata yarinya da ba ta wuce shekara biyar ba tana kuka tsakanin manyan motoci. Ta ce sunanta Ramatu, ba ta san inda uwarta ta yi ba. Aka kira wani ma'aikacin kula da yara, baƙo ne, bai daɗe da zuwa garinmu ba. Ya zauna a bencin Inna da takardarsa, ya tambayi yarinyar ina babanta.

Ta ce, "Babana mushe ne."

Mutumin ya girgiza kai cikin tausayi, ya rubuta marainiya. Ya ce motar da za ta kai ta gidan marayu, can nesa da mu, za ta tashi bayan la'asar.

Inna ta ajiye ludayi. "Malam, tsaya da alƙalamin nan tukuna." Ta durƙusa har goshinta ya yi daidai da na yarinyar. "Ɗiyata, mushen wace lakwal?"

Yarinyar ta daina kuka, ta faɗi sunan ƙauyensu a bayan Maraɗi. A can, mushe malamin makaranta ne, lakwal kuma makarantar. Uban nata yana nan da ransa, yana koyar da yara.

Ba zan ci haƙƙin ma'aikacin nan ba. Ya ji kunya, ya yaga takardar, ya rubuta wata, ya bar yarinyar a hannun Inna, kullum yana leƙowa. Inna kuwa duk direban da ya zo cin dambu sai ta ɗora masa saƙo zuwa ƙauyen yarinyar kafin ta zuba masa mai a dambun. Rana ta uku uban ya iso da uwar, muryarta ta dushe don kuka.

Yanzu ina jin ana ta maganar haƙƙin yara a rediyo, ga dokoki, ga kwamitoci, ga waya da za a tura hoton yaro ya ƙetare iyaka kafin a gama alwala. Alhamdu lillahi. Ina tunanin da Inna na nan da ta yi murna, sannan ta tambaya, yadda ta saba, ko akwai wanda ke durƙusawa.

Ramatu ta zo mana bana, da goyonta. Na tambaye ta abin da take tunawa. Ta ce ba ta tuna fuskar kowa, sai gwiwoyin manya da ƙurar taya. "Yaya, mutane da yawa sun tambaye ni a ranar. Kowa sau ɗaya ya tambaya, ya juya yana gaya wa na kusa da shi amsata. Inna ce kaɗai ta sake tambaya."

Ina yawan tunanin yaran da ba su haɗu da irin Inna ba, waɗanda suka girma da abin da aka rubuta a kansu.

Da za ta tafi ne ta gaya mini babanta ya rasu bara, bayan ya aurar da ita, ya yi wa ɗanta huɗuba. Ita ta riƙa ba shi ruwa a jinyarsa. Ta ce cikin wasiyyarsa ya roƙi duk ranar da za su yi masa addu'a, su fara da mai dambun Jibiya.