Gudu da Fayil a Hammata

Cikin duk shekarun da na yi ina aikin malamin gona, ranar da ba na jin zan taɓa mantawa da ita ita ce ranar da na zo na ƙarshe a tseren gudu. Ku da kuka shigo aiki daga baya kuna jin tsofaffin sashe suna kirana Sabo Mai Fayil, ba ku san mafarin sunan ba. To ga shi.

Lokacin ba a daɗe da komawa mulkin farar hula ba, shari'a ma sabuwa ce a jihar. Ina mataki na tara a sashen gona a Rano, an ba ni ƙauyukan da ke kan hanyar Kibiya. Ga wanda bai san aikin ba, malamin gona shi ne ake ba wasu ƙauyuka ya riƙa zagaya su duk mako biyu, ya duba shuka, ya ba da shawara kan iri da taki da feshi, ya dawo ya rubuta rahoto. Ina son aikin nan ƙwarai, amma a kan babur nake son sa. Da daɗewa na ajiye tumbi, har ta kai manomi na kirana in duba kunya, ni kuwa ina kan babur inji na kunne, ina duba ta da ido daga nesa.

Wata rana a farkon damina jiri ya ɗebe ni, na faɗo daga babur a bakin wata gona. Likita ya ce hawan jini ne, ya ba ni magani, ya ce in rage gishiri, in fara tafiyar ƙafa, daga nan in koma sassarfa. Na ce, "Likita, ni da iyalina, da furfura a gemu, in kama gudu a titi? Me ya koro ni?" Ya ce in na ƙi gudu a tsaye, wata rana za a yi gudu da ni a kwance.

Bayan mako guda shugaban sashenmu, Alhaji Tukur, ya kira ni ofis ya miƙo mini fayil. Takardar canjin wurin aiki ce, an ɗauke ni daga daji an mayar da ni ɗakin ajiyar takardu. Ƙa'ida ita ce irin wannan takarda ba ta fara aiki sai ma'aikaci ya sa hannu ya mayar da ita. Na san ɗakin nan, taga ɗaya gare shi, ita ma bango take kallo.

"Ranka ya daɗe, in aka sa ni a ɗakin nan an binne ni da rai," na ce.

"Gara in binne ka da rai da in je in ɗauko gawarka a gonar mutane, Malam Sabo."

Na yi ta roƙo. Can ya yi dariya, ya ce ofishin wasanni zai shirya wa ma'aikata tseren kilomita goma a ƙarshen damina. "Riƙe fayil ɗin a wurinka. Ka kawo mini takardar likita, sannan ka gama tseren nan da ƙafarka, ba a motar asibiti ba, sai mu sake magana." Ya faɗi haka ne don ya tabbata ba zan iya ba. Hausawa sun ce in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Nawa ya zo, a cikin fayil.

Na yi makonni ina tafiyar ƙafa, wannan ba ta da abin kunya. Ranar da na fara sassarfa bayan sallar asuba, ban yi nisa ba na ji ƙafafu a bayana. Mutum uku ne da sanduna, suna tambaya, "Malam, lafiya? Ina ya bi?" Sun ɗauka ɓarawo na biyo. Da na ce likita ne ya sa ni, ɗayansu ya dube ni da tausayi ya ce Allah ya ba da lafiya, da irin muryar da ake yi wa wanda kansa ya taɓu.

Mai ɗakina ce ta samo dabara. Ta ce dattijo ba ya gudu haka kawai, amma ma'aikaci yana sauri in aiki ya taso, in ɗauki fayil ɗin nan in saƙale a hammata. Washegari na gwada. Duk wanda na wuce sai ya matsa gefe ya ce, "Sannu da aiki, Malam." Babu wanda ya sake bina da sanda.

Ban san ranar da abin ya fara yi mini daɗi ba. Na dai lura cewa idan na wuce gidajen ƙarshe numfashina ya daidaita, sai hanyar ta zama wata daban, ba wadda na sani a kan babur ba. Duwatsun Rano suna fitowa ɗaya bayan ɗaya yayin da gari ke wayewa. Raɓa na jiƙa mini bakin wando. Nakan ji ƙanshin ƙasa da na ganyen dawa, sai in ga kamar ni ne yaron nan da ke tsere a kan kunya yana korar tsuntsaye a gonar mahaifinsa a Yalwa, har in ji muryar tsohon yana cewa kada in taka masa gyaɗa. Wani lokaci sai na isa inda zan juya kafin in tuna cewa gudu nake yi. Da gari ya waye sosai manoma kan tare ni, tunda ga ni a ƙasa, in shiga in taɓa shuka da hannuna. A wata uku na shiga gonakin da na yi shekaru ina wucewa.

Ana saura mako guda a yi tseren na kai wa Alhaji Tukur takardar likita, jini ya sauka. Ya karanta ya ce, "Takarda ce, Malam Sabo, ni ma ina rubuta su. Saura ƙafa."

Ranar Asabar aka yi tseren. Maza ne zalla, kuma an ce kowa ya sa wandon da ya wuce gwiwa. Za a tashi daga ƙofar sakatariya a bi hanyar Kibiya, a juya a gindin wata tsamiya inda ake shafa wa mutum shuɗin alli a hannu, a dawo. Motar sashen lafiya na biye da na ƙarshe, duk wanda ta ɗauka ya fita. Na zo da fayil ɗina, don na saba har ba na iya gudu babu shi. Samarin ofis suka yi ta dariya, wani ya ce ko rahoto zan kai wa tsamiyar.

Aka busa usur, samari suka ɓace. Na kai tsamiya ina na ƙarshe, amma da sauran ƙarfi. A dawowa ne Baba Ilu, wani tsohon manomi mai gonar wake a bakin hanya, ya ɗaga mini hannu. Shi bai san ana wani tsere ba, ya ga malamin gona ne da fayil.

"Malam, Allah ne ya kawo ka. Furen waken nan zuba yake yi tun shekaranjiya."

Direban motar ya danna oda. Na dubi hanya, na dubi tsohon. Na san in na tsaya ƙafafuna za su yi sanyi, kuma na san in furen ya gama zuba ba shi da wake a bana. Na tsallaka na shiga. Na buɗe fure ɗaya a tafin hannuna, ga ƙananan ƙwari nan baƙaƙe suna yawo. Na gaya masa maganin da zai nema, da yadda zai gauraya, na ce ya yi feshin da yamma in iska ta kwanta.

Da na dawo titi ƙafafuna suka ƙi. Kamar an ɗaura mini buhu a kowace. Direba ya leƙo ya ce, "Malam, shigo kawai, ai ka yi ƙoƙari." Baba Ilu ya tambayi abin da ake ciki, direba ya gaya masa cewa in na shiga motar nan an raba ni da daji ke nan.

Tsohon ya ajiye fartanyarsa. "To mu je in taka maka."

Rakiya ce irin wadda ake yi wa baƙo. Ya tattare rigarsa ya kama sassarfa a gefena, yana tari, har iyakar gonarsa. A nan ya ƙwala wa maƙwabcinsa kira, "Ga malamin gona nan, karɓe shi!" Wancan ya fito da laka a ƙafa ya raka ni iyakar tasa, shi ma ya miƙa ni gaba. Daga nan abin ya zame mini kamar mafarki. Rana ta hau, kan dawa na kaɗawa a dama da hagu, titin na rawa a idona, ban ƙara jin ƙafafuna ba. Abin da nake ji kawai shi ne numfashin mutum a gefena, ya canza, wani ya zo. Kowa da gaisuwarsa, ya gida, ya iyali, ya jikin, ni kuwa ba ni da numfashin amsawa, sai in ɗaga fayil. Wani ya zuba mini ruwan butarsa a ka. Ban san mutum nawa ba ne, har yau ban sani ba. Na dai san ban yi taku ɗaya ni kaɗai ba har gidajen farko na gari, kuma na yi kuka a hanyar, gumi ne ya rufa mini asiri.

Da na iso ƙofar sakatariya an riga an raba kyaututtuka, ana naɗe rumfa. Alhaji Tukur na zaune a kujera ɗaya da ta rage. Direba ya sauko ya yi masa magana a kunne. Na nuna masa allin hannuna, na miƙa masa fayil. Ya buɗe. Gumin wata uku da ruwan buta sun gama da takardar, tawada ta narke, sunana ma ba a gani.

Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Wannan ba ta karantuwa. Abin da ba ya karantuwa kuwa ba a aiki da shi. Litinin ka koma wa mutanenka."

Na yi sauran shekaruna a daji har na ajiye aiki. Abin da ranar ta koya mini shi ne manomi ba ya raka rahoto, ba ya raka babur, mutumin da ya taka gonarsa yake rakawa, kuma da a farkon damina aka yi wancan tseren, da babu wanda zai ajiye fartanya domina. Shi ya sa idan na ga ɗayanku yana ba manomi shawara daga kan babur, nake ce masa ya kashe inji ya sauka.