Takalmin da Ya Yi Tafiya a Kaina

Ku matso, ku ara mini kunnuwanku, ku ji tsohuwar da aka saya wa sauƙi ta ɗora shi a ka.

Surko

Ranar sunan tattaɓa-kunnena a Kwandiko na rantse cewa da ƙafata zan shiga gidan surukai, duk da gwiwar hagu mai yi mini tsiya. Jikata Rabi, ma'aikaciyar asibiti, ta kawo mini takalmin 'yan gudu fari fat. Ta ce, "Inna, ƙasansa katifa ne, gefensa yana riƙe diddige kada ƙafa ta karkace. Ki sa." Na ce to. Amma mu yadda aka rene mu, ba a ɓata sabon abu a hanya. Na ƙulle shi a ɗankwali, na ɗora a ka, na zura tsohon silifa, ana idar da asuba na fita.

Birnin Kudu

Ƙarfe bakwai mota ta cika. Direba ya dubi ƙullina.

"Hajiya, ƙwai ne?"

"Takalmi ne."

"To ƙafar, laifin me ta yi?"

Na yi kamar ban ji ba. A shingen 'yan sanda ma sai da aka kwance ƙullin, wani ɗan sanda ya matsa ƙasan da yatsa, ya jinjina kai.

Gwaram

Da hantsi muka sauka, na sha fura. Mai babur ya kai ni inda ruwa ya cinye hanya, ya juya. Saura kilomita uku, tsakuwa zalla. Silifa ya tsinke, gwiwa ta kumbura kamar tulu. Na zauna gindin kuka, na haƙura na sa takalmin. Wayyo laushi! Kamar na taka sabuwar auduga. Sai dai gwiwa ta riga ta yi fushi, taku goma ta ƙi.

Kwandiko

Malam Sale mai amalanken shanu ya ɗora ni kan buhunan taki. Bayan la'asar maza biyu suka sauke ni a tsakar gida, mata cike. Surukarmu Hajiya Tabawa ta kalli ƙafata ta ce, "Sannu da gudu, Inna!"

Bayan kwana uku aka mai da ni gida, alhamdulillahi. Yaro ya ci suna Usmanu. Malam Sale ya tafi da kwanon waina. Rabi ta yini ba ta kula ni ba. Hajiya Tabawa ta aiko tana tambayar inda ake sayar da takalmin. Ni kuwa na yi wata guda a kwance, yanzu ko bayan gida zan zaga sai na ɗaure igiyarsa.