Yaron da Iwabuchi Ya Ɓoye

Iwabuchi Noboru bai iya zama ba. Ko a gidan makoki ka same shi, leƙa ƙarƙashin tebur, za ka ga ƙafarsa ta dama tana ta aiki kamar ta tela a kan keke. Matarsa Fumie ta gaji da faɗa ta koma tsokana. In ya shigo gida da jakarsa sai ta ce, "Sannu da zuwa, baƙo. Kwana za a yi ko wucewa?"

A samartakarsa shi ne mai tsugunawa bayan mai bugu yana cafke ƙwallo. Wata ƙungiyar ƙwararru ta besbol, wasan jifa da bugun ƙwallo da sanda, ta ɗauke shi, ya yi 'yan shekaru a rukuninta na biyu, sunansa bai taɓa fitowa a jarida ba, sannan gwiwa ta ce ta gaji. Ƙungiyar ba ta yar da shi ba. Aka ba shi arewacin ƙasar baki ɗaya, aka ce ya bi makarantun sakandare ya nemo musu yara masu hannu. Tun daga nan rayuwarsa ta koma jirgin ƙasa da dunƙulen shinkafa a aljihu. Ya yi furfura a hanya, kuma duk yaran da ya kawo nagari ne, amma babu ɗaya da za a nuna a ce wannan na Iwabuchi ne. Abin yana cinsa, ko da yake ba ya faɗa.

Sana'ar tana da ka'idojinta. Mai neman 'yan wasa ba ya magana da ɗalibi, sai ta hannun kocinsa. Kuma da kaka, ranar rabon 'yan wasa, ƙungiyoyi bi da bi suke zaɓa, saboda haka yaron da kowa ya sani rabon mai sa'a ne. Yaron da kai kaɗai ka sani kuwa, sai ka bari a gama rububin manya, ka miƙa hannu ka ɗauki abinka. Shi ya sa masu wannan aiki ba yara kawai suke kallo ba, junansu ma suke gadi. Da an ga ka je wata makaranta sau biyu, washegari za ka tarar da mutum biyar a can sun riga ka.

Ya gamu da Tateno ne saboda guguwa ta tsayar da jirgin ƙasa a wani ƙauyen masunta a gaɓar tekun jihar Akita. Aka ce sai iska ta lafa. Kowa ya zauna, ban da Iwabuchi, wanda ya fita ya bi katangar da ke tare ruwan teku yana ta safa da marwa. Can sai ya ji ƙarar ƙwallo tana faɗawa safar hannu ta fata. Ya tsaya. Kunnen wanda ya yi shekaru yana cafka ba ya mantuwa. A ƙarƙashin katangar akwai filin wata ƙaramar makaranta, da wani dogon yaro siriri ɗan ajin farko yana jifa. Jifa goma, takwas a daji. Amma biyun da suka shiga, sai da gashin jikin Iwabuchi ya tashi.

Ladabi ya ce ya sauka ya gaida koci, ya rusuna, ya miƙa katinsa. Bai yi ba. Koci mutum ne, kuma mutum yana da baki. Maimakon haka ya sayi sandar kamun kifi da hular masunta, ya mai da kan katangar nan wurin zamansa duk lokacin da ya samu sarari, ƙugiya a ruwa, ido a fili.

Wani tsohon masunci, Baba Genzo, shi ke zama kusa da shi, kuma bai ɗauki lokaci ba ya gane baƙon nan bai san kan kifi ba.

"Ɗan birni, teku fa tana gabanka ne, ba bayanka ba."

"Wuyana ke ciwo, Baba, shi ya sa nake juyawa."

"To ko ka sa wa ƙugiyar abinci? Kifin garin nan ba ya cin ƙarfe."

A bakin tsohon ya ji sunan yaron Tateno, ya ji ubansa na da jirgin kamun kifi. Bai ƙara tambaya ba, don yawan tambaya ke tona mutum.

Haka ya yi ta renon yaron da ido. Aibin Tateno ɗaya ne: kafaɗarsa ta hagu tana buɗewa tun ƙafarsa ba ta sauka ba, sai ƙarfin jifar ya zube a hanya. Iwabuchi ya gani tun ranar farko, kuma da an ba shi rabin yini da ya gyara. Sai dai ya ciji leɓe a kan katanga, ya yi ta murɗa sandar kifi. Da sanyi ya zo ƙanƙara ta rufe filin, yaron ya koma gudu a yashin gaɓa da taya ɗaure a ƙugu. Shekara ta biyu cinyoyinsa suka cika, takunsa ya faɗaɗa. Ya fara gane kafaɗar da kansa, yau ta rufu gobe ta buɗe, Iwabuchi kuma yau ya koma gida yana waƙa, gobe ya ƙi cin abinci. A shekara ta uku ƙwallon ta daina ƙara irin ta da, ta koma wani sauti mai nauyi. Gudunta bai kai na yaran manyan makarantu ba, na'urar auna gudu ba za ta ɗaga wa kowa hankali ba. Amma jikin bai gama girma ba, kuma Iwabuchi ya san inda ya dosa.

A wannan shekarar ce ofis ya sanar da shi cikin ladabi cewa da an gama rabon kaka zai huta. Ya rusuna ya yi godiya. A ransa ya ce to, zan bar muku abin da za ku tuna da ni.

Da gasar bazara ta jiha ta zo, addu'arsa ɗaya ce: a cire makarantar Tateno da wuri, a wani ƙaramin fili inda ba kowa, sannan shi ya sa kwat ya je wurin koci. Fumie ta ji yana faɗin haka a bakin ƙofa yana ɗaure takalmi.

"Baban Chie, yaron da kake kwana da shi a baki shi kake roƙon ya faɗi?"

"Don amfaninsa ne."

"Amfaninsa ko naka?"

"Ina hulata?"

"Tana kanka."

Yaran ba su faɗi ba. Suka ci wasan farko, suka ci na biyu, suka ci na uku, ba tare da wani ya kula ba, don ƙananan makarantu suke ta karawa da su. Iwabuchi ya rame. Sai ga shi an haɗa su da babbar makarantar jihar, wadda ke da wani gwanin bugu da jaridu suka daɗe suna yayatawa. Ranar, bayan ragar babban fili ya cika da masu neman 'yan wasa, kowa da na'urarsa da tawul a wuya. Wannan karon bai buƙaci sandar kifi ba. Ya shiga cikinsu ya zauna, a matsayin wanda shi ma gwanin bugun ya zo gani.

Hoshikawa ne ya matsa masa wuri. Ƙanensa ne a sana'a, yana wa wata ƙungiya mai ƙarfi aiki, mutum mai fara'a da hancin kare.

"Yaya Iwa! An ce ka zama masunci. Ina rabonmu?"

"Wa ya ce?"

"Kalli yadda ka yi baƙi. Ko budurwa ka yi a bakin teku?"

"Da wannan gwiwar?"

Aka fara wasa, rana ta take, masu busa na makarantun biyu suna ta gasar cika kunne. Hoshikawa ya nuna Tateno da na'ura sau biyu, ya dubi lambar, ya taɓe baki ya ce, "Dogo dai ba laifi, amma ƙwallon tasa tafiya take da ƙafa." Iwabuchi ya yi hamma ya ce yaran ƙauye ke nan. Ƙafarsa kuwa tana neman fasa siminti, har ya ɗora jaka a kanta.

Gwanin bugun ya doki ɗaya mai kyau, sauran bai yi abin kirki ba, masu kallo suka ce yau ba ranarsa ba ce. Ba wanda ya tambayi dalili. Wasa ya zo zagayen ƙarshe, 'yan ƙauye na gaba da ci ɗaya tak, kuma masu neman 'yan wasa sun fara tattara kaya don su kama jirgin wani garin. Hoshikawa ma ya rataya jakarsa. Iwabuchi ya ji daɗi har cikin ƙashinsa: 'yan mintuna kaɗan, kowa ya watse, yaro ya zama nasa.

Sai Tateno ya gaji. Jifarsa ta riƙa kaucewa, ya bar mai bugu ɗaya ya wuce kyauta, ya bar wani, ya bar na uku, ga gwanin bugun ya sake fitowa, kuma mutum ɗaya ya rage a fitar wasa ya ƙare. Jifar farko ta tashi sama, ta biyu ma haka. Iwabuchi ya ga abin da ke faruwa sarai. Kafaɗar ce ta dawo, tsohuwar cutar da yaron ya yi sanyi biyu yana yaƙi da ita a yashi. Yaron ya tsaya a kan ɗan tudun da yake jifa daga kai yana share gumi, yana waige-waige kamar mai neman wanda zai gaya masa abin da ya ɓace. Kocin ya naɗe hannu. Mai cafkar ƙwallonsa yaro ne, bai gani ba.

Iwabuchi dai bai san lokacin da ya miƙe ba. Jakar ta faɗi, ya kama ragar da hannu biyu.

"Tateno! Kafaɗarka! Rufe ta, ɗan nan, jira ƙafar ta sauka!"

Ko yaron ya ji ko bai ji ba, a cikin wannan busa da ganguna, ba wanda zai iya cewa. Abin da aka gani shi ne ya ja numfashi, ya jefa uku a jere, kowace da sautin nan mai nauyi, gwanin bugu ya kaɗa iska ya koma. 'Yan ƙauye suka ruga suka rungume juna. A bayan raga kuwa mutum goma sha wani abu suna kallon Iwabuchi, wanda a tsawon shekarun da suka san shi ba a taɓa jin ya yabi yaro da ƙarfi ba.

Hoshikawa ya sauke jakarsa a hankali ya zauna.

"Yaya Iwa, yaron ƙauyen da ba ka taɓa gani ba, har ka san kafaɗarsa?"

"Zafin rana ne."

"Na gani. Rana ce mai ƙarfi." Ya yi murmushi, amma ba na mugunta ba. "Ka yafe ni, Yaya. Ka san aikin."

An cire makarantar Tateno a wasa na gaba. Iwabuchi ya sa kwat ya kama jirgin farko, amma da ya isa ofishin koci ya tarar da katuna uku a kan tebur, na Hoshikawa a sama. Kocin ya karɓi nasa da hannu biyu, ya ƙura masa ido ya ce kamar ya san fuskar nan. Iwabuchi ya ce fuskarsa irin ta kowa ce. Ya za a yi ya faɗa wa malami cewa ya shekara uku yana leƙen ɗalibinsa daga kan katanga ba tare da ya gaishe shi ba?

Ya koma ofis ya roƙi manya su kira sunan yaron da wuri. Ya yi magana har muryarsa ta dushe. Suka dubi lambobin gudun ƙwallo, suka ce a bari sai can baya. Ranar rabo bai iya zama a zauren ba, bai iya zama a gida ba, ya yi ta yawo har ya tsinci kansa a shagon taliyar da ake ci a tsaye a tashar jirgi, inda akwai talabijin a kan kanta. A nan ya ji an kira sunan Tateno. Ƙungiyar Hoshikawa ce ta kira.

Ya ɗauka abin da zai fi masa ciwo ke nan, har sai da aka nuno yaron a ɗakin taron makarantarsu, cikin baƙaƙen kayan ɗalibai, kunnuwansa jawur. Ɗan jarida ya tambaye shi ko ya taɓa tsammanin wannan rana.

"A'a," in ji Tateno. "Na riga na ce wa babana ina gamawa zan bi shi teku. Shekara uku ina jifa, ba wanda ya taɓa zuwa kallona, sai na ɗauka ban iya ba ne. Akwai lokacin da na so in bari. Malam Hoshikawa ne mutum na farko da ya ga wani abu a jikina, ba zan manta da shi ba har in mutu."

Yaron ya rusuna har goshinsa ya kusa taɓa tebur. Baƙin ciki da kunya suka rufe Iwabuchi. Shi da ya yi ta alfaharin ya iya ɓuya, bai taɓa tunanin daga wa yake ɓuyar ba.

"Na zo, ɗan nan," ya faɗa wa talabijin ɗin. "Na zo."

Mutumin da ke tsaye kusa da shi ya dube shi, ya ja kwanonsa ya matsa gefe.