Madam Hadiza da Tagogina Bakwai

Da safen nan ina ɗaura ɗankwali zan tafi aiki aka kira ni daga Tsibiri: Madam Hadiza ta rasu. Daga Allah muke, gare shi za mu koma.

Da yawanku kun san ta da koyar da kwamfuta a ɗan shagonta na unguwar Zariya. Ni kuwa ita ce ta hana a kore ni daga aiki.

Shekarar da aka yi yunwa ne. Shekara goma sha ɗaya ina bugun takarda da tsohon mashin, sai aka ajiye mini kwamfuta a biro, wato ofishinmu. Shef, shugabanmu, ya ba ni sunayen magidanta na ƙauyukan Jiratawa da za a raba wa hatsi, ya ce in ba su fito ran Juma'a ba, akwai masu difloma suna jiran kujerata.

To ni a sanina takarda ɗaya ake sa wa mashin. Duk lokacin da hannuna ya goce wata taga ta buɗe ta rufe aikina, sai in ɗauka ya ɓace, in sake daga sunan farko. Kwana uku ina haka, ina zagin na'urar a zuci. Ran Laraba kuma takardar ta cika ekaran, fuskar kwamfutar, baki ɗaya, babu inda zan danna in fita. Na kai hannu zan zare wuta, sai na ji tsoron in lalata ta, na fasa.

Na hau kabu-kabu zuwa shagon Madam Hadiza a Zariya ina kuka. Ba ta san ni ba, amma ta kulle shagonta ta biyo ni.

Ta danna maɓallin Eshap, ekaran ya dawo daidai. Ta riƙe Alt tana taɓa Tab, sai ga aikina yana fitowa ɗaya bayan ɗaya. Taga bakwai, jama'a! Duk wahalata tana nan a jere, ko suna ɗaya bai ɓace ba.

Na jira ta yi dariya. Sai ta jawo kujera ta ce, "Ƙanwata, hwaɗa mini, ina kinka ɗauka sun tahi?" Da gaske take son sani. Haka take, kuskuren mutum ya fi daidansa ba ta sha'awa.

Ta ɗauki kwanon abincina ta kifa faifai a kai. "Yanzu tuwon ya tahi?" Na ce a'a. Ta ce, "To haka taga take. Ɗaga hwaihwan kawai za ki yi."

Ran Alhamis na miƙa sunayen. Tun daga ranar nake ce mata Yaya.

Watan jiya na je duba ta a Tsibiri. Ta rame, idonta ya yi rauni, amma ga sabuwar kwamfutar ɗiyarta Mariyama a gabanta. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Zo ki gani abin mamaki. In na ja taga zuwa gehe, sai ta kama rabin ekaran da kanta. Wa ya gaya mata? Kuma ba a iya yi da maɓalli?"

Na ce ban sani ba, Yaya, amma zan bincika in dawo. Ta ce, "Kar ki daɗe, abin na cina."

Washegari na gano. Na ce sai Asabar in kai mata, Asabar ta zo na ce sai ta gaba. Tsibiri fa, ga ta nan kusa. Wannan shi ne abin da ya fi yi mini ciwo yau.

Tunda ban kai mata ba, ga shi ku karɓa: a riƙe maɓallin nan mai hoton taga, a danna kibiyar hagu ko ta dama. Shi ke nan, Yaya. Amsar ke nan.

Allah ya jiƙan ki, ya yalwata makwancinki, ya ba Mariyama da ƙannenta haƙuri. Duk wanda ya karanta, don Allah ya tsaya ya yi mata addu'a kafin ya wuce.