Ƙasusuwan Dokin Amalanke

Ina malamin dabbobi na En'e, wato hukumar gargajiya, a Kazaure lokacin da Baturen dabbobi ya kira ni ofis, ya karanta mini wata takarda daga ƙasarsu. Wai akwai wani gidan ajiye kayan tarihi da ke tara ƙasusuwan dawaki don likitoci su yi nazari. Sun bincike abin da suka tara kaf, duk na dawakin hawa ne. Yanzu na dokin da ya ƙare rayuwarsa yana jan kaya suke nema, su ga yadda aiki ke cin kafaɗa da gadon baya. Kuma cikakke, daga kai har kofato.

Na yi dariya a zuci. Mu nan doki na hawa ne, jan kaya sai shanu. In ma doki ya mutu, bayan gari ake janye shi, kafin kwana biyu kuraye sun yi watsa-watsa da shi. Amma ni bakina ba ya shiru, ina da son a ce na sani. Na ce ai akwai wani tsoho a wani ƙauye tsakanin Roni da Gwiwa, shi doki ke ja masa amalanke. Bature ya tambaya ko dokin na da rai, na ce garau yake. Ya ce to, in ya mutu wata rana a sanar da shi. Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ni shaida ne. Sai dai masinja na tsaye a bakin ƙofa, kuma a zamanin nan, abin da Bature ya yi sha'awa, kafin ya isa ƙauye ya zama umarni.

Bayan mako uku allurar shanu ta kai ni ƙauyen. Ina sauka daga keke 'yan gindin bishiya suka yanke hira. Na sami dokin a turke, kili ne, igiya ta cinye gashin ƙirjinsa har wajen ya yi kanta. Tsohon ba shi da ɗa ko ɗaya. Da dokin nan yake kai itace da dawar mutane kasuwa, su ci shi da matarsa. Ya gaya mini sau biyu yaran dagaci suna zuwa, ba sa cewa komai, sai su zagaya dokin su tafi.

"Malam, wai da gaske Bature na jiran dokina ya mutu?"

Na ce, "Baba, babu mai taɓa shi."

Ya daɗe yana shafa wuyan dokin, sannan ya ce su manya jira na yi musu wuya.

Na wuce wajen dagaci na yi masa bayani dalla-dalla. Ya yi ta murmushi yana cewa ya gane sarai, ai rai na Allah ne. Murmushin nan ya tsorata ni ƙwarai. Da na koma ya kamata in gaya wa Bature, amma na ji tsoron a ce na kai ƙarar dagaci ba ta hannun hakimi ba. Na ja bakina na yi gum a inda ya dace in yi magana.

Ana cikin girbin dawa, wata rana da hantsi, na ji ƙarar amalanke a ƙofar ofis. Na leƙa. Tsohon ne da kansa ke ja, igiya a ƙirji, yaran dagaci biyu na biye da shi. Aka sauke buhuna. An dafa ƙasusuwan an kankare su fes, babu haƙorin kura ko ɗaya a jikinsu. Bature ya yi ta murna yana jera su a baranda. Na ɗauki ƙashin wuya, yatsana ya faɗa cikin sawun wuƙar yanka.

Bature bai duba ba. Ya miƙo mini ɗan katin da za a ɗaura, ya ce in tambayi mai doki abin da ya kashe shi in rubuta. Na kasa haɗa ido da tsohon.

"Rubuta tsufa, Malam," in ji shi. "Haka aka ce in ce."

Na rubuta da hannuna. Ya gyara igiya a ƙirjinsa, ya juya amalankensa ya kama hanyar gida.